Kantoma Ko Amintattu? Gardamar Da Na Kasa Yi A Rikoto

Ina neman gafarar malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, domin yau ba waƙa na kawo wa wannan mujalla tamu ba, ba kuwa nazarin karin magana ba. Gardama na kawo, wadda aka kayar da ni cikinta a gida, ba don hujjata ta kasa ba, sai don bakina ya yi nauyi a gaban manya. Tun da yake takarda ba ta jin kunyar furfura, bari in faɗa mata abin da na haɗiye.

Ga yadda abin ya faru. A hutun da ya wuce na tafi gida Rikoto, cikin Zuru ta Jihar Kebbi, na tarar iskar farkon damina ta kwashe rufin aji biyu na makarantar da na yi firamare. Ba zan ambaci sunanta ba. Yara sun koma gindin itace, in hadari ya taso sai a sallame su. Tsofaffin ɗalibai, na gida da na Kaduna da na Ikko da waɗanda ke barikokin soja, suka yi karo-karo. Allah ya sa albarka, abin da aka tara ya fi kuɗin kwano da ƙusa, har aka shiga zancen benci, da rijiya, da ɗaukar malaman sa-kai biyu waɗanda za a riƙa ba ɗan abin sayen sabulu. Watau an tashi daga gyaran rufi an koma gyaran makaranta ɗungum. To, nan fa aka tsaya: wa za a danƙa wa aikin?

Wani dattijo, tsohon soja, wanda duk unguwa ke ganin girmansa, ya miƙe ya ce, "'Ya'yana, na ga kwamiti tun kuna goye. Kwamiti makabartar aiki ne. Ku zaɓi mutum guda mai tsoron Allah, ku ba shi kuɗin, ku ba shi wata uku. In ya yi, mu sa masa albarka. In ya ci, mun san ƙofar gidansa." Wuri ya ɗauki tafi. Ni kuwa na ɗaga hannu na ce, "Baba, a gafarce ni, in ya ci ɗin, muka je ƙofar gidan nasa, sa'an nan mu yi yaya?" Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Yaro, karatun jami'a ne ke ɗibarka." Aka yi dariya, na zauna.

Da maganar ta tsaya a Rikoto da na bar ta can. Amma da na dawo makaranta sai na ji ta a ɗakin kwananmu, na ji ta a wurin mai shayi, har na ji ta daga bakin waɗanda suka fi ni karatu nesa ba kusa ba. Kowa cewa yake ilmi ya lalace a Arewa, kuma maganinsa a sami namiji guda, a ba shi wuƙa da nama, a kauce masa. Watau kantoma muke nema, ko da ba mu kira shi da wannan suna ba. Ni kuwa ina ganin wannan marmari namu yana cikin cututtukan da suka kwantar da ilmin.

Ba na musun cewa Baba ya ga abin da ya gani. Wane ne bai san kwamitin da ake kafawa don a binne magana ba? A zauna, a sha lemo, a karɓi kuɗin zama, a naɗa ƙaramin kwamiti, shi kuma ya nemi ƙarin lokaci, har damina ta wuce wata ta kama. Taron tsintsiya ba shara. Wannan kam gaskiya ne, kuma duk wanda zai kare kwamiti ya rufe ido ga wannan, ya raina hankalin mai sauraronsa.

Masu son mutum guda suna kuma da sunayen da suke kafa hujja da su, kuma mu 'yan Hausa mun fi kowa saninsu. Sukan ce, wa ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa? Ɗan Hausa ne, watau Hanns Vischer, shi kaɗai, a Nasarawa ta Kano cikin 1909. Wa ya ta da rubutun zube na Hausa? Rupert East ne, da gasar nan ta 1933. Ina kwamitin da ya yi waɗannan?

Madalla. To, mu bi sawun mutanen nan mu ga inda suka ƙare. Ɗan Hausa bai daɗe a kan makarantarsa ba. Yaƙin duniya ya ɓarke a 1914, ya bar Kano, makarantar Nasarawa kuwa ba ta ci gaba da zama yadda ya tsara ta ba, aka koma ga makarantun larduna. Gidansa ne ya saura, ana zuwa kallo. Shi kansa fa? Daga 1923 har 1939 yana Landan yana aikin magatakardan kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara a kan ilmin ƙasashen Afirka. Ka ji mutumin da ake kafa mana hujja da shi a kan kwamiti banza ne: shekara 16 ya yi yana rubuta wa kwamiti bayanin taro! East kuma ai bai yi aikin nan shi kaɗai ba, da ba su Abubakar Imam da ba a ji ɗuriyarsa ba. Kuma da ya so aikin ya rayu bayansa, sai ya tsaya aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya cikin 1945, da hukumarsa da asusunsa.

In ana son misali na gida, wanda ba Bature a ciki, ga Nana Asma'u 'yar Shehu. Ba wanda zai ce ba mutum guda ce ta fara aikin karantar da matan karkara ba. Amma ba ta ƙulle ilmin a ɗakinta ba. Ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, kowace ta riƙa jagorancin matan garinsu, abin da aka sani da 'Yan Taru. Ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba, tsarin ya yi ta tafiya har bayan zuwan Turawa. Mai hankali in ya fara aiki shi kaɗai, abin da yake gaggawar yi shi ne ya raba shi ga hannuwa da yawa tun yana da rai.

Yanzu mu dubi ɗaya gefen, mu ga abin da mutum guda mai wuƙa da nama ya yi wa firamare a ƙasar nan, domin mun gwada shi, ba sau ɗaya ba. Janar Gowon ya yi shelar ilmin firamare kyauta ga kowa a 1974, gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin, watau U.P.E., a Satumba 1976. Niyya kyakkyawa ce, ba mai musu. An yi shirin karɓar yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. Ba azuzuwa, ba malamai, aka shiga horon gaggawa ana fitar da malamai rabin dahuwa. Da an tambayi masu unguwanni da iyaye a kowane gari, ai sun san yawan 'ya'yansu. Amma umurni daga sama yake saukowa, kuɗi ma daga sama, saboda haka da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, ba wanda ke ƙasa da ya ɗauki makarantar a matsayin tasa balle ya tallafe ta. Har yau in gilashin taga ya fashe a garinmu sai ka ji an ce, "Na gwamnati ne."

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ban takaici. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa da Doka ta 31, malamai suka fara ganin albashi a kan kari. A 1991 gwamnatin nan dai ta rushe hukumar da Doka ta 3, ta jefa firamare a wuyan ƙananan hukumomi, albashi ya tsaya, aka shiga yajin aiki. A 1993 ta sake maido da hukumar da Doka ta 96. Cikin shekara biyar an gina, an rushe, an sake ginawa, duk da alƙalami guda. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 1988 bai gama aji shida ba sai da aka sauya wa makarantarsa uban gida sau uku. Jiharmu ta Kebbi ma cikin wannan hargitsi aka haife ta, ran 27 ga Agusta 1991. Wannan shi ne saurin da ake yaba wa mutum guda. Lalle yana da sauri, amma saurin rushewarsa daidai yake da saurin gininsa, kuma ba mai iya riƙe masa hannu.

Wani zai ce, "To, ai ga shi ka faɗa da bakinka, hukuma ce aka kafa, kuma ba ta tsira ba." A nan ne nake so mai karatu ya natsu, don nan ne Baba ya ruɗe, mu ma muka ruɗe tare da shi. Yawancin abin da muke kira kwamiti ko hukuma a ƙasar nan, mutum guda ne ya sa riguna goma. Wanda mutum guda ya naɗa, kuma mutum guda ke iya tuɓe shi gobe da safe, ba amintaccen jama'a ba ne, bafade ne. Dubi tsarin da muke ciki yau. An ƙaddamar da shirin U.B.E. a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilmin tushe, da sharaɗin kowace jiha ta ajiye nata rabon kafin ta ɗauki na tarayya. Kowace jiha tana da hukumarta, kowace ƙaramar hukuma tana da sakataren ilmi. Amma wa ke naɗa shugaban hukumar jiha? Gwamna. In gwamna ya ga dama ya ajiye rabon jiharsa, in bai ga dama ba kuɗin yara su yi ta kwana a Abuja, kuma an sha jin hukumar tarayya tana kukan jihohi sun ƙi zuwa su ɗauka. Wane ɗan hukuma ne ya taɓa ajiye aiki saboda haka?

Haka kuma tun wajen shekara 20 da suka wuce Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta ce kowace makaranta ta kafa kwamitin gudanarwa na jama'ar gari, wanda ake kira S.B.M.C., a sa hedimasta da wakilan malamai da iyaye da mata da sarakuna da malaman addini da tsofaffin ɗalibai, har da yaran kansu. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma na tambayi wani kawuna wanda aka ce sunansa na cikin na wata makaranta, ya rantse bai taɓa sani ba sai ran da aka kawo masa takarda ya sa hannu. Kwamitin da ba ya riƙe da ko sisi, ba ya iya ɗaukar kowa, ba ya iya sallamar kowa, ba dole ya zama wurin shan lemo ba? Irin wannan ne Baba ya gani ya ce kwamiti makabarta ne. Gawar da ya gani ta mutum guda ce, an dai lulluɓe ta da sunayen mutane goma sha.

Kada kuma a zaci ina nufin a tara manyan mutane masu manyan sunaye a ce an sami amintattu. Akwai wani labari daga Amurka da ya kamata mu sani. Bayan yaƙin basasarsu, a 1867, wani attajiri mai suna George Peabody ya ba da dala miliyan 1, daga baya ya ƙara wata, don a ta da makarantu a kudancin ƙasar da yaƙi ya ragargaza. Bai danƙa wa mutum guda ba. Ya naɗa kwamitin amintattu, cikinsu har da Janar Grant wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya. Su kuma suka ɗauki wakili guda, Barnas Sears, shugaban Jami'ar Brown, ya ajiye kujerarsa ya shiga yawo gari gari. Ƙa'idarsa ita ce ba a taimaki gari sai garin ya tara nasa kuɗin. Sears ya mutu a 1880, amintattu suka ɗauki J. L. M. Curry, aiki ya ci gaba, asusun bai rufe ba sai 1914. Shekara 47 ke nan. Wakili ya mutu, aiki bai bi shi kabari ba, don kuɗi da ikon naɗi suna hannun kwamiti.

Amma ga inda tuwon ya yi gauɗa. Duk amintattun nan fararen fata ne, manya. Sears ya ƙi tallafa wa makarantun da suka haɗa 'ya'yan baƙaƙe da na farare a aji ɗaya, ya kuma tsara a riƙa ba makarantun baƙaƙe kashi biyu cikin uku na abin da ake ba na farare. Kwamiti ya amince. Me zai hana su amincewa, alhali ba ɗan ko ɗayansu da ke zaune a ajin da aka rage wa rabo? Saboda haka tambayar da ta fi "mutum nawa ne" muhimmanci ita ce, ɗan wa ke zaune a ƙarƙashin rufin?

To, mu komo Rikoto. Baba ya ce in mutumin ya ci mun san ƙofar gidansa. Wallahi mun sani, kuma sanin nan shi ne matsalar. Mutumin surukin wani ne, kawun wani ne, shi ya yi wa wani hanyar shiga soja. Wa zai je ya ƙwanƙwasa? Ran da aka taru za a yi magana, dattawan nan da suka yi tafi su ne za su ce a rufa asiri, a bar wa Allah. Ba a taɓa kai ɗan'uwa kotu a kan kuɗin benci ba, ba kuwa za a fara a kanmu ba. In kuma mutumin kirki ne bai ci ba, mun cuce shi. Ran da ya sayi sabon babur da gumin gonarsa, za a ce kwanon makaranta ne yake hawa, kuma ba shi da shaida ko ɗaya da zai kira, tun da shi ya karɓa, shi ya saya, shi ya rubuta rasit. Mutane nawa masu mutunci suka rantse ba za su ƙara taɓa kuɗin jama'a ba saboda irin wannan?

Akwai kuma abin da kowa ya sani a wurin taron nan amma ba wanda ya furta. Zuru ba gari ne mai launi ɗaya ba. A aji guda za ka sami ɗan Dakarkari da Bahaushe da Bafillace da ɗan wanda aikin gwamnati ya kawo, Musulmi da Kirista, wani lokaci ma 'yan ɗaki ɗaya ne addini ya bambanta. Wannan zama shi ne abin alfaharinmu, amma kamar ƙwai yake, sai da lallaɓawa. Mutum guda dole daga gida guda ya fito, kuma wuri guda yake ibada. Ko waliyyi ne, ran da ya ɗauki malaman sa-kai biyu, rabin gari za su duba sunayensu kafin su duba takardunsu, kuma karo-karo na gaba ba zai kai rabin na bana ba. Ba sai na yi dogon bayani ba, don ga abin da ya faru a ranar: bayan an gama tafi an yarda a ba mutum guda, sai aka ce to wa? Aka kawo suna, wani gefe ya yi shiru. Aka kawo wani, ɗaya gefen ya shiga gyaran murya. Har rana ta faɗi ba a tsai da kowa ba, aka watse. Hanyar da aka ce ta fi sauri ita ce ta bar yara a gindin itace har na dawo makaranta.

Abin da na so in faɗa ran nan ba mai wuya ba ne. A zaɓi mutum bakwai a bainar jama'a, kada wani ya naɗa su daga ɗakinsa. Mafi yawansu su zama waɗanda 'ya'yansu ko jikokinsu ke makarantar yanzu, ba waɗanda nasu ke makarantar kuɗi a Birnin Kebbi ba. A sa mata, ba mace guda ta cika lissafi ba, don su ne suka san yaron da ya daina zuwa da dalilin dainawarsa. A sa na masallaci da na coci. Kuɗi su zauna a banki, ba su fita sai da hannun mutum uku. Sa'an nan su bakwai ɗin su ɗauki mutum guda, ƙwaƙƙwara, irin wanda Baba ke so, su ce masa ga aiki ga wa'adi, kada su bi shi kasuwa suna taya shi cinikin ƙusa. Shi ke aiki, su ke riƙe da jaka, kuma suna iya sauke shi. Duk ƙarshen wata a manna lissafi a bangon makaranta, a kuma karanta shi da Hausa da C'lela don wanda bai yi boko ba. Kuɗin zama kuwa ko kwabo, domin duk kujerar da ke da alawus, mai neman alawus ne zai riga kowa hawanta.

Wannan ba baƙon abu ne da na kwaso daga littafin Turawa ba. Uwar adashi mutum guda ce, amma kowace 'yar zubi ta san abin da aka tara da ranar kwasarta, shi ya sa adashi ke shekaru bai watse ba. Samarin golmo na ƙasarmu, da ke shekaru suna noman gonar surukai, ƙungiya suke fita, da jagoransu, amma idon kowa na kan kuyyar kowa. Har barikin da Baba ya yi rayuwarsa a ciki, ai kwamanda ke ba da oda, amma akwatin albashi na hannun wani dabam, kuma masu binciken lissafi na zuwa su duba su duka biyu. Da na tuna da wannan ran nan, da shi zan fara.

An sa ranar sake zama bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da 'yan birni ke dawowa gida. Kafin in taho na biya wurin wata tsohuwa mai tuyar masa a bakin makarantar, wadda jikokinta huɗu ke ciki, biyu a azuzuwan da ba rufi. Na ce, "Inna, in an ce a zaɓi masu riƙon kuɗin nan, kya yarda a sa sunanki?" Ta juya masa a tanda ta ce, "Ɗan nan, ni da ban san bihim ba?" Na ce ai lissafin cinikinta bai taɓa ɓace mata ba. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce za ta zo, amma in gaya musu kada su sa taron da safe, lokacin tuya ne.